Shagon tura fim na bakin kasuwar Garwa, da shirye-shirye uku a kan sarkin Rasha na ƙarshe

'Yar autata ce ta kai ni shagon. An ba su aiki a lise, wato makarantar sakandare, a kan juyin juya halin Rasha na 1917, ta karɓi wayar yayanta ta je aka tura mata wani shirin tarihi. Da dare muna zaune a tsakar gida ta ce da ni, "Baba, ashe ƙaramar 'yar sarkin ba ta mutu ba, ta gudu Jamus." Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ba wanda ya gaya mata, da idonta ta gani. Shekara 28 na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa tsakanin Marwa, Gidar da nan Garwa, kuma a duk shekarun nan ban haɗu da amsar da ta fi wannan wuyar warwarewa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To idan abin da aka nuna maka shi ne ƙaryar fa?

Washegari bayan la'asar na hau kilando na je da kaina. Shagon yana layin masu gyaran waya, gefen babbar kasuwa. Rumfar kwano ce mai benci ɗaya, fanka ɗaya, da kwamfuta biyu. Mai shagon saurayi ne da ba zai wuce shekara 25 ba. Yana da batir da farantin sola a saman rumfar, shi ya sa ko an ɗauke wuta aikinsa ba ya tsayawa, kuma duk wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san darajar wannan. Fim ɗaya sefa 100 ne, shiri mai kashi-kashi 500. Na sayi kile, wato filashin USB, mai giga 16 a wurinsa a kan 3,500, na ce ya zuba mini duk abin da yake da shi a kan gidan sarautar Rasha. Ya ce, "Baba, uku ne da ni, amma na farkon nan shi ake rububi." Cikin minti 20 ya gama. Ya buɗe kowanne a gabana don in ga hoto da sauti, ya ba ni canjina daidai. Kashi na huɗu na shirin farko ya ƙi buɗewa a talabijin ɗin gida, na mayar masa, ya sake tura shi a wani tsari bai karɓi ko dala ba. A wajen ciniki da mutunci ba ni da ƙorafi a kansa ko kaɗan. Matsalar tana cikin kayan, kuma shi ba shi da hanyar sanin haka, domin a fayil ɗin "Tsar 1", "Tsar 2", "Tsar 3" kawai ya rubuta, kamar buhunan gero.

Na farkon kashi shida ne, an juya shi zuwa Faransanci, rabi wasan kwaikwayo rabi masana suna bayani a zaune. Kuɗi ya zauna a cikinsa. Tufafi, fitilu, dawakai, ƙanƙara, komai ya yi kyau. Kafin in ce komai a kan tarihinsa, iyaye su sani cewa akwai wuraren tsiraici a ciki, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba abin kunnawa a falo da yara ba ne. Na gaya wa mai shagon, ya ce shi bai kalle shi har ƙarshe ba, kuma na yarda da shi.

Akwai abin da shirin ya yi daidai, kuma ya kamata a faɗa. Ya nuna turmutsutsun filin Hodinka a Mosko, a watan Mayun 1896, lokacin bikin naɗin Nikolas na Biyu, inda talakawa suka taru don karɓar kyautar kofi da abinci suka tattake juna. Lissafin hukuma ya ce mutum 1,389 ne suka mutu. A daren ranar sarki da matarsa Aleksandara suka halarci liyafar rawa ta jakadan Faransa. Wannan ya faru, kuma mutanen Mosko ba su manta ba. Ya kuma nuna ciwon ɗansu Aleksei yadda ya kamata. An haifi yaron a 1904 bayan 'yan mata huɗu, Olga, Tatiyana, Mariya da Anastasiya, kuma ya zo da ciwon da jini ba ya tsayawa idan ya ji rauni, ko da a cikin jiki ne. Ta wajen uwarsa ya gado shi, ita kuwa jikar Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce. Fada ta ɓoye wa jama'a ciwon. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila, yana jin kukansa ba abin da zai iya yi masa, zai gane abin da ya sa matar nan ta riƙe Rasputin, wani baƙauye da ake ganin yana warkarwa da addu'a, hannu bibbiyu. A 1912, a Sipala ta ƙasar Folan, yaron ya kai bakin mutuwa har an fara shirin sanarwa. Rasputin ya aiko da telegiram daga ƙauyensu cewa yaron ba zai mutu ba, kada a bar likitoci su dame shi da yawa. Yaron ya tashi. Daga ranar ba wanda ya isa ya faɗi aibinsa a gabanta. Mu ma nan mun san uwar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe saboda wani ya yi wa ɗanta tofi ya sami sauƙi dare ɗaya.

Amma a cikin wannan shiri mai tsada aka nuna babban dandalin Mosko, aka rubuta 1905 a ƙasa, ga hubbaren Lenin, jagoran 'yan Bolshebik da suka ƙwace mulki a ƙarshen 1917, a tsaye a jikin ganuwa. Lenin a watan Janairun 1924 ya mutu, ginin dutsen nan kuwa sai 1930 aka kammala shi. A 1905 mutumin yana raye da ƙafafunsa, shekararsa 35. Na tsayar da hoton na kira 'yata na nuna mata. Kamar a nuna maka Garwa ta zamanin Jamus ne, ka hango filin ƙwallon Rumde Ajiya a baya. Wani zai ce ƙaramin kuskure ne. Ni a wurina ba ƙarami ba ne, domin yana nuna ba a sa wanda ya san ƙasar ya duba aikin kafin a sake shi ba. Idan ba a duba gini mai girman haka ba, me zai sa in amince da maganganun da aka sa a bakin sarki da matarsa a ɗakin kwana, inda ba wanda ya ji su? Masanan da ke zaune suna bayani gaskiya suke faɗa yawanci, sai dai da sun rufe baki a koma wasa, mai kallo kuma ba ya sanin inda masani ya tsaya marubucin wasa ya ɗauka. Ƙimar masanan ce ake ara a shafa wa wasan.

Na biyu shi ne wanda 'yata ta kalla, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Minti 50 ne, hoton ya ɗan dushe, kiɗan tsoro daga farko har ƙarshe, mai magana yana ta jefa tambayoyin da ba ya amsawa. Yana kiran Rasputin mahaukacin rahibi. Rasputin bai taɓa zama rahibi ko limamin coci ba. Manomi ne daga ƙauyen Pokrobskoye a Saiberiya, an haife shi a 1869, yana da mata da 'ya'ya. Mashayi ne, mai neman mata ne, kuma a shekarun yaƙi bakinsa ya shiga naɗa ministoci da sauke su, wannan duk tabbas ne kuma ya isa laifi. Amma shirin ya bi jita-jitar cewa yana tarayya da matar sarki, abin da aka yi ta zanawa a takardun ɓatanci a lokacin, alhali gwamnatin da ta gaji sarki a 1917, wadda ba ta da dalilin rufa masa asiri, ta kafa hukumar bincike ba ta sami hujjar hakan ba. Ƙazafi ƙazafi ne ko a kan wa aka yi shi, ko da matar ta shekara ɗari a ƙasa.

Sai labarin kisansa a watan Disambar 1916, a gidan Yarima Yusufof. An ba shi waina mai guba ya cinye, an ba shi giya mai guba ya shanye, an harbe shi ya tashi, an jefa shi kogi yana numfashi. Wannan labari daga bakin waɗanda suka kashe shi ya fito, musamman Yusufof, wanda ya rubuta nasa yana gudun hijira a Faransa. Mutumin da ya gayyaci baƙo gidansa da dare ya kashe shi yana da buƙatar baƙon ya zama shaiɗan. Likitan da ya binciki gawar raunin harsashi uku ya samu, ɗaya a goshi, bai sami guba ba. Shirin bai ambaci likitan ba ko sau ɗaya.

Batun Anastasiya, ƙaramar 'yar sarkin, kuwa, abin da ya faru a sani yake. A watan Fabrairun 1920 an tsamo wata mata daga wani magudanin ruwa a Balin, daga baya ta ce ita ce 'yar sarkin. Da sunan Ana Andason aka fi saninta. An yi ta shari'a a kotunan Jamus har 1970, aka ce ba ta kawo hujja ba. Ta mutu a Amurka a 1984. Bayan shekara goma aka gwada ƙwayar halittarta daga wani ɗan tsokar hanjinta da wani asibiti ya ajiye, aka ga ba ta da alaƙa da gidan sarautar, aka kuma ga ta dace da dangin wata ma'aikaciyar masana'anta 'yar Folan mai suna Faranziska Shanzkofska. Shi kuma kabarin, an gano shi a asirce tun 1979 a dajin da ke kusa da Yekaterinbag, aka tone shi a 1991 aka sami gawa tara. An gwada su da jinin Yarima Filib, mijin Sarauniya Elizabet ta Biyu ta Ingila, domin kakarsa ta wajen uwa yayar Aleksandara ce, ya kuma dace. Aka binne su a Sen Fitasbag ran 17 ga Yulin 1998. Saura biyu, Aleksei da ɗaya daga cikin 'yan matan, kuma wannan giɓi ne masu irin wannan shiri suka daɗe suna ci da shi. A 2007 aka sami ragowar ƙasusuwansu a wani rami na dabam, kamar taku 70 daga na farko. Lissafi ya cika. Daga yadda shirin ya tsaya a kan gawa tara na gane kafin 2007 aka yi shi, amma babu shekara a jikin fayil ɗin, don haka yarinya 'yar shekara 17 a unguwar Hausare take kallonsa kamar labarin jiya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ya ba da labarin daren kansa. Ya ce "sarki da iyalinsa" ya wuce. Mutum 11 aka kashe a ɗakin ƙasa na gidan Ifatiyef da ke Yekaterinbag, inda aka tsare su, daren 16 wayewar 17 ga Yulin 1918, a ƙarƙashin jagorancin Yakob Yurofski. Bakwai 'yan gidan ne: sarki mai shekara 50, matarsa 46, Olga 22, Tatiyana 21, Mariya 19, Anastasiya 17, Aleksei 13, wanda ubansa ne ya sauko da shi a hannu don ba ya iya tafiya. Sauran huɗun su ne likita Botkin, baranya Ana Demidoba, kuku Haritonof, da bara Turuf. Ba su da sarauta, ba su da gadon da za a yi rigima a kai, bin ubangidansu kawai suka yi har can. Ni jikan dogari ne, kuma na san ba a cika ƙirga irinmu ba idan ana ba da labarin fada. Ina so a riƙa faɗin sunayensu.

Shirin ya kuma ce kai tsaye Lenin ne ya sa hannu a takardar kisan. Ba a taɓa samun irin wannan takarda ba. Majalisar 'yan Bolshebik ta yankin Ural ce ta sanar cewa ita ta yanke hukuncin, don sojojin Cek da ke yaƙarsu sun matso, kuma sun shiga garin ran 25 ga Yuli, bayan kwana takwas. Torotski, ɗaya daga cikin manyan Bolshebik, ya rubuta a littafin ajiyarsa a 1935 cewa ɗan'uwan tafiyarsa Sibadlof ya gaya masa a Mosko aka yanke shawarar tare da Lenin. Masana da yawa sun karkata nan, wasu ba su karkata ba. Shiri mai gaskiya zai shimfiɗa duka biyun ya bar mai kallo ya auna.

Na ukun shi mai shagon ya ce ba a tambayarsa. Awa ɗaya da rabi ne, Faransanci, babu 'yan wasa, tsofaffin hotuna ne da wasiƙu da murya ɗaya mai sanyi. Shi ne na ce 'yata ta kalla da biro a hannu. Shi kaɗai ya bayyana abin da ke rikita ɗalibai kowace shekara, wato kalandar Rasha ta lokacin tana bayan tamu da kwana 13 har zuwa Fabrairun 1918. Shi ya sa juyin Fabrairu a watan Maris ya faru, na Oktoba kuma ran 7 ga Nuwamba. Ranar da matan masaƙu na Fetrogirad, sunan Sen Fitasbag a lokacin, suka fito suna neman burodi, aka fara tarzomar da ta ci sarautar shekara 304, ita ce 8 ga Maris 1917. Da na gaya wa uwargida cewa ranar mata ta duniya, da suke ɗinka atamfarta kowace shekara, tana da hannu a faɗuwar sarkin Rasha, sai ta ajiye tsintar shinkafa ta zo ta zauna. Shi kaɗai kuma ya fito da abin da ke jawo wa yara asarar maki a jarrabawa: ba Lenin ne ya sauke sarki ba. Nikolas ya yi murabus ran 15 ga Maris a cikin jirgin ƙasa a Fiskof, bayan manyan janar-janar ɗinsa sun ba shi shawarar haka, Lenin kuwa yana Zurik ta Suwizalan, sai a Afrilu ya iso. Waɗanda Bolshebik suka tumɓuke a Nuwamba gwamnatin riƙon ƙwarya ce ta Kerenski, lokacin sarki yana tsare a Tobolsk tun watan Agusta. Ya kuma faɗi yadda Sarki Joj na Biyar na Ingila, wanda uwarsa da uwar Nikolas 'yan uwan juna ne ciki ɗaya, ya sa aka janye tayin ba su mafaka a Afrilun 1917 don tsoron abin da talakawansa za su ce.

Duk da haka shi ma ya zame a wuri ɗaya, kuma zamewar ta fi ta na farko haɗari don ba ta da alama. Da ya zo kan yadda Bolshebik suka karɓe Fadar Hunturu a juyin Oktoba, sai ya sako hoton baƙi da fari na dubban mutane suna gudu da bindigogi suna hawa ƙofar ƙarfe. Wannan ba hoton ranar ba ne. Daga fim ɗin Oktoba ne na Aizenshtain, wanda gwamnatin Sobiyet ta sa aka yi don cikar juyin shekara goma. Ainihin abin da dare aka yi shi, ba a sami turjiya mai yawa ba, kuma manyan zaurukan fadar asibitin sojoji ne tun 1915. Haka sanannen hoton nan na sojoji a jere cikin ƙanƙara suna fuskantar jama'a, wanda ake cewa na Lahadin jini ne ta Janairun 1905, daga wani fim na 1925 aka ciro shi. Kisan ya faru, sojoji sun harbi masu kai kuka ga sarki, ɗaruruwa sun mutu, shi kuma ba ya ma cikin fadar ran nan, yana Sarskoye Selo. Amma hoton na 'yan wasa ne. Idan ɗan wasa ya fito da kala da gemun roba, kowa ya san wasa ne. Idan ya fito baƙi da fari hoton yana rawa, har malami sai ya yarda. Layi ɗaya a ƙasan hoton da ya wadatar.

Akwai kuma abin da duka ukun suka tsallake, wanda a matsayina na Musulmi na daɗe ina lura da shi. Ƙidayar 1897 ta sami Musulmi kusan miliyan 14 a ƙarƙashin wannan sarki. A 1913, shekarar bikin cikar gidansu 300 a kan mulki, aka yi sallar farko a babban masallacin Sen Fitasbag, wanda Sarkin Buhara ya ba da kuɗi mai yawa wajen gina shi. A 1916 kuma aka fitar da doka ta kwashe mazan tsakiyar Asiya zuwa aikin tilas a bayan fagen yaƙi, suka yi bore, aka murƙushe su, Kirgizawa da Kazakawa masu ɗimbin yawa suka mutu a kan duwatsu suna gudu zuwa Sin. Mu da kakanninmu suka yi aikin tilas a hannun Nasara ba sai an fassara mana wannan ba. Yaƙin ma guda ne da namu: Jamusawan Garwa sun miƙa wuya a watan Yunin 1915, 'yan watanni kafin Nikolas ya karɓi jagorancin sojojinsa da kansa, na dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916. Shirye-shiryen nan sun ba kwana 78 na gidan Ifatiyef lokacin da ba su ba shekara 22 da 'yan watanni na mulki ba. Na ji tausayin yaran nan biyar har cikin raina, ba su yi wa kowa komai ba. Amma 'yata ta tashi daga kallo tana iya jera sunayensu daga babba zuwa ƙarami, ba ta san an harbe ma'aikatan haƙar zinariya a kogin Lena a 1912 ba.

Ga mai son zuwa: ka je da safe kafin 11, bayan la'asar layin yana cika da masu tura waƙoƙi. Ka tafi da kilenka idan kana da shi, nasa yana da kyau amma akwai mai rahusa a cikin kasuwa. Ka nemi na uku. Na farko na manya ne, su ma da sharaɗin su ɗauke shi wasa. Na biyu bai cancanci sefa 100 ɗin ba.

Na koma ran Asabar da 'yar takarda na rubuta masa abin da zai sa a jikin kowane fayil: wanne ne wasa, wanne ne tsoho, wanne ne bai dace da yara ba. Na yi zaton zai ji haushi. Ya karanta a tsaye, ya jawo kujerarsa ya ba ni, ya canja sunayen a gabana, sannan ya ce, "Baba, akwai wasu guda tara a kan yaƙin duniya na biyu, ko za ka duba mini su ma?" Na karɓo huɗu. Na kuma ce ya nemo mini duk abin da aka yi a kan yaƙin Mora, ya rubuta a bangon rumfar da alli ya ce in leƙo bayan sallar Juma'a.